Me Ya Sa Amurkawa Ke Sauya Wa Tsofaffin Motocinsu Bututun Hayaƙi?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, Alhaji ne da ke fataucin albasa daga Aliero zuwa Kudu, ya aiko mana da takarda. Ya ce ɗansa ya nuna masa wani hoton bidiyo a waya, inda wasu Amurkawa suka duƙufa a kan wata tsohuwar mota suna ɗaura mata wasu bututan ƙarfe masu murɗe-murɗe kamar hanjin rago. Da suka gama suka tayar da ita, sai ta yi ruri kamar aradu. Ɗan nasa ya ce masa wai ƙarfi suka ƙara mata. To ga shi yanzu direbansa ya matsa masa lamba a yanke tukunyar salansar a-kori-kurarsu, wai don ta riƙa jan kaya sosai a kan tudu. Shi ne yake so mu bayyana masa ko mene ne waɗannan bututa, yaya ake ɗaura su, kuma shin gaskiya ne ƙarar mota ita ce ƙarfinta?

AMSA: To Alhaji, mun gode da wannan takarda, kuma ka yi daidai da ka tambaya kafin a kai ga mai walda. Mai tambaya ba ya ɓata. Amsar a taƙaice ita ce, bututan da ka gani suna ƙara wa inji ƙarfi, gaskiya ne, amma ba don ƙarar da suke yi ba. Suna ƙara ƙarfi ne don an auna tsawonsu da kaurinsu, an kuma ɗaura su ba tare da sun yi yoyo ba. Yanke tukunyar salansa kuwa wani abu ne dabam. Bari mu bi maganar daki-daki.

Motocin da ake magana a kansu

Irin motocin nan Amurkawa na yi musu laƙabi da motoci masu ƙwanji. Dabarar ƙera su ba wata mai wuya ba ce: a ɗauki ƙaton inji mai silinda takwas, wanda ake kira V8, a dasa shi cikin mota matsakaiciya mai ƙofa biyu, a sayar wa samari da araha. Yawanci akan ce Pontiac GTO ta 1964 ita ce ta buɗe wannan fage. Injinta lita 6.4 ne, mai ƙarfin doki 325. Da sauran kamfanoni suka ga kasuwa ta buɗe, sai kowa ya shigo. Aka yi Dodge Charger, da Plymouth Road Runner ta 1968, da inji mai suna 426 Hemi wanda aka rubuta masa doki 425. A 1970 kamfanin Chevrolet ya fito da Chevelle SS 454, mai inji lita 7.4, wadda mafi ƙarfinta aka ba ta doki 450.

Don ka gane girman abin, Alhaji, ka tuna da Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna. Injinta silinda huɗu ne, wajen lita 2, kuma mai kafireto bai kai doki 100 ba. Ka ga ke nan Chevelle guda ta haɗiye 504 huɗu har da ɗoriya, ko da yake a wancan zamani Amurkawa kan auna inji ne tsirararsa a kan benci, don haka lissafin kan ɗara abin da ke isa taya.

Zamanin bai daɗe ba. A 1970 Amurka ta tsaurara dokar tsabtace iska, kamfanonin inshora suka tsawwala wa samari masu irin waɗannan motoci kuɗi, sa'an nan a 1973 ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Amurka mai, fetur ya yi tsada, aka shiga layi a gidajen mai. Nan kasuwar ta mutu. Kamfanin Plymouth ma an rufe shi a 2001, Pontiac kuma a 2010. Motocin da suka rage sun haura shekara hamsin, sun zama kayan marmari, masu su na kiwonsu kamar yadda basarake ke kiwon dokin hawan sallah. Su ne ka gani a bidiyon nan.

Yadda inji ke numfashi

Kafin mu zo kan bututu, tilas mu san abin da ke bi ta cikinsa. Injin mota numfashi yake yi kamar ɗan Adam, kuma kowace silinda aiki huɗu take maimaitawa. Na farko, fistin ya yi ƙasa, ya zuƙo iska gauraye da fetur. Na biyu, ya taso ya matse su. Na uku, fulogi ya ba da wuta, su fashe, su tura fistin ƙasa da ƙarfi, wanda shi ne ke juya taya. Na huɗu, bawul ɗin hayaƙi ya buɗe, fistin ya taso ya kori hayaƙin waje.

Abin lura a nan shi ne saurin da ake yin wannan. Idan inji na juyi 3,000 a minti guda, kowace silinda na fashewa sau 25 a daƙiƙa ɗaya. Silinda takwas kuwa, sau 200 ke nan a daƙiƙa. Duk fashewa ɗaya da kullin hayaƙinta mai zafi da ke neman hanyar fita. In hayaƙin bai fita duka ba, to sabuwar iska ba za ta sami wuri ba. Buhun da aka bar ƙaiƙayi a gindinsa ai ba zai ci mudun hatsin da ya kamata ya ci ba. Daɗin daɗawa, ƙarfin da fistin zai kashe wajen tura hayaƙin da ya turje, ƙarfi ne da aka hana wa taya.

Daga masana'anta, abin da ke karɓar hayaƙin nan wani dunƙulallen ƙarfen zubi ne da makanikai ke kira manifol. A V8 guda biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne na karɓar hayaƙin silinda huɗu a cikin rami guda. Masu ƙera mota na son sa don yana da araha, ba ya cin wuri, yana danne ƙara, kuma yakan yi shekaru bai lalace ba. Aibinsa shi ne cunkoso. Ka ɗauka shanu huɗu ne aka kora a guje, ga ƙofar garke ɗaya tal. Wani zai bangaji wani, wani ma sai an turo shi baya. A injin Chevrolet, alal misali, jerin fashewar silinda shi ne 1-8-4-3-6-5-7-2. Silinda ta 5 da ta 7 maƙwabta ne a gefe guda, kuma ɗaya na bin ɗaya nan take, don haka hayaƙinsu kan yi karo a cikin manifol.

Abin da heda ke yi

Bututan da ka gani sunansu heda. A nan kowace silinda an ba ta nata bututun na kanta, mai santsi a ciki, mai lanƙwasa a hankali. Bututan huɗu sukan yi tafiya dabam-dabam, sa'an nan su haɗu can ƙasa a wani mazurari da ake kira mahaɗa. Murɗe-murɗen da ya ba ka mamaki ba ado ba ne. Silindar gaba ta fi ta baya nisa da mahaɗa, shi ya sa ake nannaɗe bututun ta baya don tsawonsu ya zo kusan ɗaya, kullin hayaƙi su riƙa isowa bi da bi, ba a tare ba.

Amfanin farko ke nan, an raba cunkoso. Amfani na biyu ya fi ban sha'awa. Ka taɓa tsayawa a bakin titi tirela ta wuce a guje? Za ka ga ƙura da ganye da ledoji sun tashi sun bi bayanta, har kai ma ka ji kamar ana jan rigarka. To haka kullin hayaƙi yake yi in ya bi ta siririn bututu da gudu: yakan bar wani gurbi a bayansa mai zuƙo abin da ke biye. A ƙarshen aiki na huɗu akwai ɗan lokaci ƙanƙani da bawul ɗin hayaƙi bai gama rufewa ba, na shigar iska kuma ya fara buɗewa. Idan zuƙar nan ta zo daidai wannan lokaci, sai ta share ragowar hayaƙin, ta kuma taimaka wajen jawo sabuwar iska. Silinda ta cika sosai, fashewa ta yi ƙarfi. Sirrin ke nan.

Wannan ne ya sa awo ya zama wajibi. Mai ban ruwa a fadama ya san cewa in ya ɗan toshe bakin tiyo da yatsa, ruwa kan yi tsiri ya tafi nesa, in kuwa tiyon ya cika faɗi sai ruwan ya riƙa malala a gabansa. Bututun da ya yi wa inji faɗi, hayaƙi zai yi sanyin jiki a ciki, zuƙar ta ɓace, motar ta rasa ƙarfin tashi. Wanda ya yi ƙanƙanta kuma zai shaƙe ta in an taka wuta. Ga injin Chevrolet mai lita 5.7 na yawon gari, yawanci akan zaɓi bututu mai faɗin inci 1⅝, wato wajen santimita 4, da mahaɗa mai inci 3. Manyan injuna irin na lita 7.4 sukan kai inci 2. Dogon bututu, mai wajen inci 30, ya fi ba da ƙarfin ja. Gajere ya fi sauƙin ɗaurawa amma ribarsa kaɗan ce. Akwai kuma wani iri da bututa huɗu ke fara haɗewa bibbiyu kafin su zama ɗaya.

Wannan na ƙarshen shi ne Carroll Shelby, shahararren ɗan tseren mota, ya sa wa Mustang GT350 a 1965. Injin ya tashi daga doki 271 zuwa 306. Amma ka lura, ba heda kaɗai ya sauya ba, har da kafireto da mashigar iska. Wato abu uku aka haɗa kafin a sami ƙarin doki 35 a injin da tun asali an gina shi don gudu. Ka riƙe wannan lissafi, za mu dawo gare shi. Sana'ar ƙera heda kuwa ta daɗe a jihar Kalifoniya: kamfanin Hedman ya fara a 1954, na Hooker kuma a 1962.

Yadda ake ɗaurawa

A bidiyo aikin minti biyar ne. A zahiri mutum kan share yini guda, wani lokaci har biyu, yana fama, hannu duk ƙujewa. Dalili shi ne waɗanda suka zana motocin nan ba su bar wa heda wuri ba.

Aikin kan fara ne tun jajibiri. Notin da ke riƙe da manifol sun yi shekara hamsin suna shan zafi da sanyi, tsatsa ta manne su. Sai a jiƙa su da man sassauta tsatsa a bar su su kwana. Wanda ya yi gaggawa ya sa ƙarfi, noti ya karye a cikin kan inji, to ya sayi wahala, don sai an huda guntun an zaro shi, wani lokaci ma sai an sauke kan injin ɗungurungum. Gaggawa aikin Shaiɗan, in ji masu iya magana.

Washegari, inji a sanyaye, abu na farko shi ne cire wayar batir, domin za a yi aiki dab da sitata, kuma sufana in ta taɓa wayarta wuta za ta tashi. Sa'an nan a ɗaga motar a tokare ta da ƙafafun ƙarfe a kan daɓe mai ƙwari. Ba a shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. Wannan doka ce a Amurka da Aliero baki ɗaya.

Daga nan sai a yi wa wayoyin fulogi alama da lamba, kowace da silindarta, a cire su, a kwance fulogin su ma don kada bututu ya fasa su wajen shiga. Akan kwance bututun sandar awon baƙin mai, da sitata, wani lokaci da maƙalin altaneta. Sai a raba tsohon manifol da salansa, a kwance notinsa, a fitar da shi. A ƙaramin V8 na Chevrolet noti shida ne kowane gefe, a babban kuwa takwas. Bayan nan a kankare fuskar kan injin tas, kada a bar ko ɓurɓushin tsohon gaskit ko tsatsa, tare da toshe ramukan da tsumma don kada datti ya faɗa ciki.

Shigar da hedar ita ce inda haƙuri ke ƙarewa. Yawanci dogon heda ta ƙasa ake cusa shi, ana juyawa ana karkatawa kamar mai shigar da gado ta ƙofar ɗaki. Gefen direba ya fi wuya, don nan akwatin sitiyari yake, ga sandunan kuloci, ga bututan birki. A wasu motocin sai an kwance mazaunin inji na gefe ɗaya an ɗan ɗaga injin kafin bututu ya wuce. Wasu kan sa guduma su ɗan lotsa bututun inda ya taɓa wani abu. Ƙaramar lotsawa ba ta da wata illa, amma wadda ta yi zurfi ta ɓata awon da aka biya kuɗi dominsa.

In ya zauna, sai a sa sabon gaskit, a shafa wa notin man hana kamewa, a fara ɗaura kowanne da hannu, zagaye biyu ko uku, kafin a sa wa ko ɗaya sufana. Wanda ya ɗaure noti guda tamau tun farko zai tarar sauran ramukan sun goce. Sa'an nan a bi su a hankali daga tsakiya zuwa gefe, zagaye bayan zagaye, har a kai awon da kamfanin ya rubuta. Ana yin haka ne don farantin da ke riƙe da bututan ya kwanta daidai. Faranti mai kauri, kamar inci ⅜, ya fi siriri, domin siririn zafi kan tanƙwara shi ya buɗe kafa. A ƙarshe a haɗa mahaɗa da sauran salansa, wanda sau da yawa sai mai walda ya yanka ya daidaita. Ka lura Alhaji, masu yawo da motocin nan a gari ba su jefar da tukunyar salansa. Suna maida ita, sai dai su zaɓi wadda hayaƙi ke ratsawa da sauƙi.

Aiki bai ƙare ba

Bayan an tayar da inji ya yi zafi, sai a kashe a bar shi ya huce, a sake bin notin ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfe kan buɗe da zafi ya tsuke da sanyi, gaskit kuma ya daɗa kwanciya, don haka noti kan saki. Akan maimaita wannan sau biyu ko uku a kwanakin farko. Alamar yoyo ita ce ƙara "tik-tik-tik" da safe in inji na sanyi, da baƙin tabo kamar na kunkunniya a bakin farantin.

Sai maganar zafi. Hayaƙin da ke fitowa daga silinda kan haura digiri 600 a ma'aunin Salshiyos in inji na aiki sosai. Ƙarfen zubi mai kauri ne, yana riƙe zafin, amma bututun heda siriri ne, yana feso shi ko'ina cikin ɗakin inji. Wayar fulogi in ta taɓa shi sai ta narke. Sitata kan gasu, mutum ya tsaya shan mai ya dawo mota ta ƙi tashi sai ta huce. Mafi haɗari shi ne bututun fetur da na birki: fetur kusa da jan ƙarfe gobara ce, man birki kuma in ya tafasa, ka taka feda ka ji ta tafi ƙasa ba kome. Saboda haka akan kautar da su, a sa garkuwar ƙarfe a tsakani, ko a sayi hedar da aka yi wa wani shafe na musamman mai tare zafi. Wasu kan naɗe bututan da ƙyalle marar cin wuta, sai dai shi kuma yana riƙe danshi ya jawo tsatsa.

Kafireto ma sai an sake saita shi. Tun da inji ya sami iska fiye da da, fetur ɗin da aka auna masa a baya zai iya yi masa kaɗan. Injin da iska ta yi wa yawa kan yi zafi fiye da kima, har ya ƙona bawul ko fistin. Makanike kan duba kan fulogi: in ya yi fari fat, fetur ya yi kaɗan, in ya yi baƙi ƙirin ya yi yawa, in ya yi ruwan ƙasa-ƙasa to an dace.

Hukuma ita ma tana da ta cewa. Tun daga motocin 1975 aka fara sa wa yawancin motocin Amurka matacin hayaƙi, kuma dokar ƙasar ta hana cire shi. A Kalifoniya, motocin fetur na 1975 zuwa baya an ɗauke musu gwajin hayaƙi na lokaci-lokaci, amma waɗanda suka biyo baya sai da hedar da hukumar kula da iska ta jihar ta amince da ita. Garuruwa da yawa kuma na cin tarar mai motar da ƙararta ta wuce kima.

To yanzu batun a-kori-kura

Ka ga dai abin da Amurkawan nan ke yi: awo, da saiti, da toshe kowace kafa. Ƙarar da ka ji ta biyo baya ne kawai. Abin da direbanka ke nema kuwa shi ne ya ɗauki ƙarar ya bar awon. Ka tuna Shelby sai da ya sauya abu uku a ƙaton inji kafin ya sami doki 35. Ƙaramin inji mai silinda huɗu, a yanke masa tukunya kawai, abin da zai ƙaru bai taka kara ya karya ba, wani lokaci ma ƙarfin tashi da kaya raguwa yake yi. Kunne ne ke yaudarar direba, ya ji ruri ya ɗauka gudu ne. In motar ta zamani ce mai kwamfuta, akwai na'urar da ke shinshina hayaƙi a jikin bututun tana gaya wa inji yawan man da zai sha. A taɓa wurin ba bisa ilimi ba, sai shan mai ya ƙaru.

Amma kada a ƙi sauraron direban. In ya ce mota ba ta ja a tudu, akwai dalili. Tukunyar salansa kan ruɓe ta ciki ta toshe, matacin hayaƙi ma kan toshe, kuma lalle wannan na shaƙe inji. Maganinsa a sauya da mai kyau daidai da motar. A kuma duba matacin iska, wanda ƙurar hunturu ke cikawa, da fulogi, da kuloci ko ya cinye, da iskar taya. Sa'an nan, Alhaji, a yi haƙuri da wannan: a ƙidaya buhunan da ake lafta mata. Sau da yawa ciwon yana nan.

Babban abin da ya sa muka tsawaita amsar nan shi ne rai. A cikin hayaƙin inji akwai wata iskar guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga huhu, jini kan kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da ɗoriya, sai jiki ya shaƙe alhali mutum na numfashi. Alamunta ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, da barci mai nauyi. Tsofaffin motoci marasa matacin hayaƙi, irin na Amurkawan nan da irin namu, sun fi fitar da ita. Aikin dogon bututun salansa shi ne ya kai wannan guba can bayan mota ya zubar. In an yanke shi a ƙarƙashin mazauni, ko manifol ya tsage, ko gaskit ya yi yoyo, hayaƙin kan bi ta hujojin da tsatsa ta yi a ƙasan mota ya shigo ciki. Direban da ke tafiyar dare zuwa Kudu, gilashi a rufe saboda sanyi, zai ɗauka gajiya ce ke sa shi gyangyaɗi. Yaran mota da ke kwance a baya cikin tamfol su ma suna shaƙa. Ga kuma tartsatsin wuta da buɗaɗɗen bututu ke fitarwa, ga busasshiyar ciyawa a bakin hanya, ga harawa ko auduga a kan mota. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Wannan gargaɗi ya shafi sauran 'yan'uwa manoma da 'yan kasuwa. Janareta ba a kunna shi cikin ɗaki, ko shago, ko zaure a rufe, ko dab da taga. An sha samun iyali guda sun kwanta ba su tashi ba a sanadin haka. Injin ban ruwa ba a sauka da shi cikin rijiya ko rami mai zurfi mutum ya bi shi, don gubar na taruwa a inda iska ba ta kaɗawa. Mai injin niƙa ya fitar da bututun hayaƙinsa waje ta bango, ya bar ƙofa da taga a buɗe. Ƙananan injuna masu shan fetur gauraye da baƙin mai, irin ƙaramin janareta da wasu tsofaffin babura, su kuwa siffar salansarsu na cikin abin da ke sa su numfashi daidai, don haka huda ta kan rage musu ƙarfi.

In kuwa aka tarar da wanda hayaƙi ya buge, a buɗe ƙofofi, a kashe injin, a fitar da shi sarari nan da nan, a garzaya da shi asibiti inda za a sa masa iskar oksijin. Madara ko manja ba su cire wannan guba daga jini, kuma ɗura wa wanda ya suma wani abu a baki na iya shaƙe shi. Ko ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi, a kai shi likita ya duba shi.

Shawararmu dai ita ce a bar tukunyar salansa a inda take, a kai motar wurin makanike mai amana ya bi bututun tun daga manifol har wutsiya, ya toshe duk inda ke yoyo, ya sauya abin da ya ruɓe. Da fatan Alhaji da sauran masu sauraro sun gamsu. Allah ya tsare mana matafiya, ya sa albarka a kasuwa. Masu tambaya su ci gaba da aiko da takardunsu, su kuma rubuta sunan garinsu a fili. Sai wani makon in Allah ya kai mu.